Akwatin da Ke Gaida Baba

A shekarun da Jihar Kebbi ke ƙoƙarin tsayawa da ƙafarta bayan an yanke ta daga Sakkwato, ina aiki a wani ɗan ofishi a Yelwa wanda ke lura da hawa da saukar ruwan tafkin Kainji. Aikin ba shi da armashi a ido, amma masunta da manoman fadama sun damu da shi, don mu ne muke cewa farin ruwa, wato cikar tafki ta damina, ya kusa, ko baƙin ruwa, cikar da ke biyo baya da hunturu, zai makara bana. Muna da ɗaki guda a bakin tafki, a wata tunga, ƙauyen masunta, ta ƙasar Ngaski, da faifan sola a rufinsa da batura a ƙasa, da kwamfuta ɗaya a cikin akwatin ƙarfe. Ita ce ke karanta ma'aunin ruwa ta aiko mana Yelwa ta rediyo. A tungar nan aka haife ni, kuma mai gadin ɗakin mahaifina ne.

Kwamfutar nan tana da hali. Sai ta yi ta aiki lafiya ƙalau, rana ɗaya ta sandare, ba gaba ba baya. Maganinta bai wuce a kashe ta, a ɗan jira, a kunna ba. To amma dokar ofis ta ce mai gadi ba ya riƙe makulli, ni kuwa ban taɓa yi wa dokar nan gardama ba, domin ita ke kai ni gida. Da an ga saƙo ya daina shigowa, shugabanmu zai leƙo ya ce, "Mutuniyarka ta suma." Sai in ɗauki babur ɗin ofis in kama hanya, inda babur ya gaza kuma kwalekwale ya ƙarasa da ni.

Sai ka san ni kafin ka gane abin da tafiyar nan take a wurina. A gidan masunta aka haife ni, amma ban taɓa iya jefa birgi, tarun nan na jifa, ya buɗe ba, a dunƙule yake faɗawa kamar an jefa ɗaurin wanki. Ƙannena tun suna ƙanana suke kwana kan ruwa, ni kuwa igiyar ruwa kaɗan ke juya mini ciki. Baba bai taɓa zagina a kan haka ba, ya dai tura ni boko kamar yadda ake ajiye kayan da ba a san amfaninsu ba tukuna. In yana lissafa 'ya'yansa a gaban baƙi, kowa da abin da ake faɗa a kansa, in an zo kaina sai ya ce, "Wanga kuma yana Yelwa." Sai da kwamfutar nan ta fara suma sannan ni ma na samu abin da ake faɗa a kaina.

In na sauka daga kwalekwale, Baba zai taso daga gindin ƙiryar da yake gyaran taru, ya biyo ni har ƙofar ɗakin, masunta na biye da shi. In buɗe, in shiga, in turo ƙofa. Aikin na ɗan lokaci ne, amma sai in zauna in share ƙura, in duba ruwan batir, in ƙara zama. In na fito ina goge hannu da tsumma, sai ya tambaya.

"Ta tashi?"

"Ta tashi, Baba."

Sai ya juya ga mutanensa. "Kun gani? In tas suma, duk ƙasar Yawuri babu mai tashe ta sai shi."

Daga nan sai gida, Inna ta ciro kifi mai zafi daga banda, in ci in kwana, in koma Yelwa da ƙunshin busasshen kifi a bayan babur. Ina jin a duk ma'aikatan jihar nan babu wanda ke yi wa kayan aikinsa fatan ciwo kamar ni.

Ana nan wayar salula ta iso Yelwa, ba da jimawa ba kuma aka turo mana sabon ma'aikaci daga Kaduna. Sa'ana ne, ko na girme shi da kaɗan, don haka yake ce mini Yaya. Siriri ne mai fara'a, aljihun rigarsa kullum cike da guntayen waya da sukundireba. Bai cika wata ba kowa ya koma kiransa Injiniya, har mai shayin bakin ofis. Ni shekara nawa ina tayar da kwamfuta, ba wanda ya taɓa ce mini ko makanike. Tun daga nan na ji ba ya kwanta mini, kuma abin haushin shi ne ban samu laifin da zan kama shi da shi ba.

Ranar da kwamfutar ta fara suma a gabansa, ya ga ina ɗaure jaka a babur, ya tambayi inda za ni. Da na gaya masa, sai ya ce, "Duk wannan tafiyar don a danna maɓalli ɗaya, Yaya?" A gaban shugaba ya faɗa, kuma da zuciya ɗaya, wanda ya fi ciwo.

Tare muka je tafiya ta gaba. Ya gano cewa sabis yana ɗan kamawa a kan tudun da ɗakin yake. Ya fito da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya buɗe bayanta, ya jona siraran wayoyi daga wurin da take rawa in an kira ta zuwa wani ɗan makunni, makunnin kuma ya sa shi a kan hanyar wutar kwamfuta. In an kira wayar, makunnin zai yanke wuta na ɗan lokaci ya maido. Ita kwamfutar ya shiga cikinta ya saita ta yadda da wuta ta dawo za ta tashi da kanta, ba sai an taɓa ta ba. Ya ɗaure wayar a cikin akwatin, ya haɗa ta da batir don kada cajinta ya ƙare. Lambar layin kuma ya rubuta ta da fenti a jikin ƙofa, wai don kada ta ɓace mana.

Bai turo ƙofa ba lokacin da yake wannan aiki. Baba da masunta suna tsaye suna kallon komai. Da ya gama ya fitar da kowa waje, ya sa na kulle ɗakin da hannuna, ya ja mu har bakin ruwa, ya kira lambar da wayarsa. Muka ji ƙararrawa daga cikin ɗakin da ba kowa. Ta taga muka ga fitilar kwamfuta ta mutu, jim kaɗan ta dawo. Masunta suka ɗauki salati. Baba ya dubi ƙofar da ke kulle, ya dubi Injiniya.

"Ko kana Yelwa haka za ta yi?"

"Ko ina Kaduna, Baba."

"Kai, wanga yaro Allah ya yi mishi kai."

Ina tsaye da makulli a hannu kamar mai gadin gidan da aka riga aka sace. A ranar ƙunshin kifi biyu Inna ta ɗaure, na kuma auna su da hannu a hanya, nasa ya fi nauyi.

Daga nan tafiyata ta yanke. In saƙo ya daina shigowa, shugaba ba ya leƙo ni, Injiniya yake leƙawa. Shi kuma ko tashi daga kujera ba ya yi, zai ciro waya ya danna, ya kara a kunne ya ji ta shiga, ya kashe, ya ci gaba da cin gyaɗarsa. Kafin ya gama ƙunshin gyaɗar, saƙo ya dawo. Teburinsa na kusa da nawa, don haka duk abin nan a kan idona ake yi. Na sha yin addu'ar sabis ya ɗauke a tudun nan, ko ɓera ya ci wayoyin. Ba abin da ya same su. An ce hassada ga mai rabo taki ce, ni kuwa na zuba wa bawan Allahn nan taki har na gaji.

Labari ya fara iske ni a kasuwar kifi ta Yelwa, a bakin mutanen tungarmu da ke kawo kaya. Wai Baba ba shi da zance yanzu sai na Injiniya. Da na je gida da sallah na ji da kunnena. Ko zama ban gama yi ba ya tambaye ni lafiyar mutuminsa.

"Yaron kirki na," in ji shi. "Ba ya daɗewa bai gaishe ni ba. Ina zaune nan sai in ji ya bugo, in ce mishi lahiya lau, mun gode."

Ashe duk lokacin da wayar ta yi ƙara a cikin akwati, Baba tashi yake ya je bakin taga ya amsa. A lokacin kuwa filashin ya zama gaisuwa a ƙasarmu. Wanda ba shi da kati zai kira ka ya katse kafin ka ɗauka, kai kuma ka san ya tuna da kai ke nan, in kana da mutunci ka mayar masa.

Na ce, "Baba, ba gaisuwa ta ba. Kwamfuta yaka tayarwa."

"To, kai ma ai ita kaka zuwa tayarwa, kuma muna gaisawa."

Sai na cika bakina da tuwo. Na koma Yelwa ina ƙuna, da saƙon gaisuwa da kifi ga mutumin da ya raba ni da gida.

Bayan sallah da 'yan watanni abin da nake roƙo ya samu. Saƙo ya fara yankewa, ba irin yankewar da muka sani ba. Zai zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke, tun hantsi har azahar, sannan ya daidaita kamar ba a yi ba. Injiniya ya kira lambar, wani lokaci ta shiga, wani lokaci a ce ana kan layi. Sai a sami kwanaki lafiya, abin ya sake dawowa. Ga farin ruwa ya kusa, lokacin da Birnin Kebbi ke matsa mana da tambaya. Shugaba ya fara ɗaure fuska, Injiniya ya daina cin gyaɗa. Ni kuwa ban taɓa zuwa ofis da wuri kamar a kwanakin nan ba. Ina zaune ina jujjuya takardu, ina jin daɗi har cikin ƙashina.

Ni na fara lura cewa abin yana faɗawa ne ranar kasuwar Wara, domin ɗan tunga ba ya manta ranar kasuwarsa. Ban san dalili ba, amma na faɗa a gaban shugaba da muryar wanda ya sani. Shugaba ya ce in je in kwana can in ga abin da ke faruwa da idona, Injiniya ya zauna ya lura da saƙo. Na karɓi makullin babur kamar an maido mini da sarauta.

Hanya ta ɓata mini lokaci, sai na kwana a gidan wani abokina, na isa tunga da hantsin ranar kasuwa. Baba da yawancin maza sun riga sun tafi Wara a jirgi. Inna tana bakin banda tana juya kifi. Na gaishe ta na wuce ɗakin, na buɗe akwatin na zauna. Komai lafiya, kwamfuta na aikinta. Ban daɗe ba wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, makunni ya yi ƙas, kwamfuta ta mutu. Ta fara tashi ke nan, ba ta gama buɗe ido ba, wayar ta sake ƙara, ta sake mutuwa. Daga bakin banda na jiyo muryar Inna.

"Ga shi nan ya soma. Ran kasuwa haka yaka yi, Allah shi mishi albarka."

Na duba fuskar wayar. Ba lambar Injiniya ba ce, wata baƙuwar lamba ce, kuma ita ce ke ta maimaita kira. Na ciro tawa wayar na kira ta. Wani mutum ya ɗauka, hayaniyar kasuwa a bayansa. Mai wayar haya ne, irin masu kafa lema da benci. Na tambaye shi wa ke kiran lamba kaza. Ya ce wani tsoho ne mai gadin gidan ruwa, duk kasuwa yana zuwa a yi masa filashin ga wani Injiniya a Yelwa. Yanzu ma har abokansa sun koya, kowa in ya sayar da kifinsa sai ya biyo ya ce a gaida masa Injiniya.

Sai da na zauna a kan batir. Baba ya kwafi lambar da ke jikin ƙofa, a tunaninsa ita ce ke kai wa ga Injiniya. An gaishe shi, shi kuwa ba mutumin da za a gaisar ya yi shiru ba ne. In ya yi filashin daga Wara, wayar ta yi ƙara a nan tunga, inda ba ya nan balle ya ji. Inna ce ke ji, in ya dawo ta ce masa mutuminsa ya bugo. Shi kuma ya ce lalle yaron nan akwai ladabi, ana gaishe shi yake mayarwa.

Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin har da hawaye. Ga dabarar Kaduna, kowa ya ga dama ya kashe mana kwamfuta daga ƙarƙashin lema. Ga kuma zumuncin da aka dame ni da shi, ashe babu kowa a ɗaya ƙarshen. Na ƙagu jirgi ya dawo.

Da la'asar suka iso. Baba ya yi murnar ganina, amma kafin mu gama gaisawa Inna ta ba shi labari, yau mutuminsa ya bugo har ta kasa riƙe adadi. Fuskarsa ta washe, ya juya ga abokansa yana cewa sun ji ko. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce su biyo ni. Na tsayar da su a bakin ƙofa, na nuna lambar fenti, na danna ta a wayata a gabansu ɗaya bayan ɗaya. Akwatin ya yi ƙara.

"Kun ji? Lambar ga ba ta zuwa Yelwa, Baba. Nan taka zuwa. In kay yi hilashin daga Wara, nan taka kuka, Inna ta ji. Injiniya bai san kana yi ba. Kai kaka gaida kanka, kuma kowane bugu kashe muna kwamhuta yakai."

Wani daga cikin masuntan ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari. Ɗaya bayan ɗaya suka tuna da kayan da suka bari a jirgi. Baba ya daɗe yana kallon lambar.

"Ashe ba shi na ba."

"Ba shi na ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Ni ko har nac ce ma innarka, tunda ohis ɗinku guda, wani bugun naka na. Ashe kai ma ba kai na ba."

Ya juya ya tafi alwala. Na tsaya da waya a hannu, kwamfuta na tashi a bayana. Na zo ne in kayar da Injiniya, kuma ga shi na kayar da shi, amma daɗin bai kai ko bakin ƙofa ba. Da safe Inna ta ɗaure ƙunshi biyu kamar yadda ta saba tun zuwan Injiniya. Na ce ai guda ya isa. Baba ya ce in kai wa yaron mutane nasa, in kuma ba shi haƙuri a kan ɓarnar da suka yi masa ba da sani ba.

A ofis na ba da labari a gaban shugaba, na tanadi fuskar da zan kalli Injiniya da ita in kunya ta kama shi. Kunya ba ta kama shi ba. Ya yi dariya tare da kowa, ya ce laifinsa ne da ya rubuta lamba a ƙofa. Sai kuma ya tambaye ni, "Kana nufin duk kasuwa sai ya je, Yaya?" Na ce duk kasuwa. Ya ce shi mahaifinsa ya rasu tun yana firamare. Ban tambaye shi ba, kuma ban so jin haka ba, domin yana da wuya ka ci gaba da ƙin mutum yadda kake so bayan ya gaya maka irin wannan.

Cikin makon ya sayi sabon layi ya je tunga shi kaɗai. Ya sa sabon a cikin akwati, ya kashe ƙararrawar, ya shafe lambar ƙofa da fenti, sabuwar lambar kuma daga shi sai shugaba sai ni. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe tsohon layin bai yar da shi ba. Ya samo wata waya ya sa shi a ciki, ya jefa a aljihu tare da sukundirebobinsa, ya kuma gaya wa Baba cewa daga yau lambar nan da gaske Yelwa take zuwa.

Wannan ya fi makunnin ƙona mini rai. Makunni ilimi ne, zan iya cewa ban je Kaduna na koya ba. Wannan kuwa ba a koyar da shi a ko'ina. Ina da waya a aljihu tun kafin ya zo garin, ubana ne, mai lemar nan kuma yana Wara duk kasuwa. Me ya sa shi dabarar ta zo wa? Da na bar tsoho da akwatinsa, da gaisuwar ƙarya ce ke tsakaninsu. Ni da bakina na je na mayar musu da ita gaskiya.

Ranar kasuwa ta zagayo. Ina zaune a teburina da hantsi, saƙon ruwa na shigowa ba yankewa, sai aljihun Injiniya ya yi ƙara sau ɗaya ya katse. Ya ajiye abin da yake yi, ya ciro wayar ya mayar da kira, ya ce wa mai lema a ba shi Baba. Na sunkuyar da kai a kan takarda ina karanta layi ɗaya. Ina jin muryar mahaifina siririya tana fitowa daga wayar, yana ɗaga ta kamar mai kiran wani a tsallaken ruwa. Suka yi ya ruwa, ya kasuwa, ya Inna, ya ƙafar da ke ciwo. Ban ma san ƙafarsa na ciwo ba. Injiniya ya yi dariya a kan wani abu, ya ce insha Allahu, ya ce to Baba, zai ji. Ya kashe wayar ya juyo wurina da fara'arsa.

"Yaya, Baba ya ce a gaishe ka."

Na ce ina amsawa.